Mai Daddawa da Mai Kuka a Waya

Gwaggo, tunda ke kowa ya kira ki a waya sai kin amsa masa duk abin da ya tambaya, bari in ba ki wani misali. Amma don Allah kar ki tambaye ni ko wace ce, kuma kar ki kai zancen gaba.

Wata mata ce mai daddawa a wani gari can. Ba ta da komai sai tukunyar dafa kalwa da wata tunkiya mai ciki, wadda ta sha wahalar kiwonta, tana jira ta haihu ta samu na gyaran rufin ɗakinta kafin damina. Ɗanta na fari direban babbar mota ne, yana kai albasa Kudu, shi ya saya mata 'yar wayar da take ƙullewa a bakin zani. Kullum sai an kira ta, wata murya irin ta inji ta yi ta zuba, wai ta ci kyauta, ta danna kaza. Ita dai sai ta kife wayar a kan tabarma, ta bar ta tana yi wa kaji bayani. To, ran nan da hantsi tana wanke kalwa sai wayar ta yi ƙara. Wannan karon mutum ne, yana kuka, murya a dishe: "Mama! Mama, ni ne, motarmu ta faɗi!" Ƙwarya ta suɓuce mata, kalwa ta watse a ƙasa. Kafin ta ce uffan wani mai ƙatuwar murya ya karɓi wayar, ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, yaro na zubar da jini, kuma ba mai taɓa shi sai an turo kuɗi yanzu-yanzu. In babu, ta sayar da abin da take da shi ta ruga wurin mai POS ya tura musu kuɗin. Wallahi har ta juya ta kalli tunkiyar, har ta fara tunanin wane mahauci ne zai saya ba tare da jan ciniki ba.

Sai mutumin ya ce, "Hajiya, faɗa min sunan yaron naki in rubuta a kati." Nan fa bakinta ya ƙi buɗuwa. Kin san dai ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a cikin mutane, ko ita kaɗai a ɗaki, sai dai ta ce "wancan" ko "mai motar nan". Hankalinta a tashe, hawaye na zuba, amma kunya ta riƙe mata harshe gam. Da ƙyar ta ce, "Ai yana kusa da kai, tambaye shi." Ya daka mata tsawa, "Ba ya iya magana!" Ta ce, "Yanzu fa ya gama kuka a kunnena."

Faɗin haka da ta yi, sai wani abu ya faɗo mata a rai. Mama? Yaron nan tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, a can ya girma cikin ƙannen uwar tasa, Yaya yake ce wa uwar kamar yadda ya ji suna faɗa. Ko ranar da zazzaɓi ya kusa kashe shi yana ƙarami, Yaya ya dinga kira. Sai ta share ido da bakin zani, ta ce, "Ba shi wayar, ya kira ni yadda ya saba." Mai kukan ya dawo, ya ce, "Umma!" Ya sake cewa, "Inna?" Ya ja majina ya ce, "Hajiyata..." Ta ce, "Ni ko filin jirgi ban taɓa gani ba, ɗan nan. Saura Iya, saura Baba, yi ta jerowa, ina jinka." Ƙit, suka kashe.

Duk da haka, uwa ce. Ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta, ta ce a kira mata wancan. Ya ɗauka, lafiyarsa lau, yana bakin hanya yana cin shinkafa da wake, har ana jin ƙarar cokali. Maƙwabciyar ta miƙo mata wayar, ta kawar da kai ta ce, "Me zan ce masa? Ki dai ce ya dinga rage gudu." Ta fito tana takawa ɗai-ɗai, kai a sama, kamar wadda ta kayar da ƙato a dandali, ba ta gaya wa kowa ba. Tunkiyarta na nan a turke.

Kin ga, Gwaggo, mutanen nan ba su san komai ba sai abin da ka zuba musu da bakinka. A layin matar nan akwai wadda suka yi wa irin wannan kukan, tana ji ta kwarma ihu, "Wayyo, Ɗantala ne?" Suka ce e, shi ne, Ɗantala. Kafin la'asar awakinta sun bar gidan, Ɗantala kuwa yana gona yana noma, bai san ana yi ba. Ita ta miƙa musu suna, mai daddawa kuwa suka yi ta laluben ƙofa ba su samu ba. Shi ya sa ake cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.