Barandar Titin Marlow

Ranar da Leola Pettway ta tare a titin Marlow, ba wanda ya fito ya taya ta sauke kaya. Labule kawai ake ɗagawa ana saki. Shekarar 1955 ce, kuma a duk wannan gefe na birnin Detroit na Amurka ita ce baƙar fata ta farko da ta sayi gida.

Verlene, 'yar ƙanwarta da ke zaune da ita, ta yi mita har ta gaji. Tsohuwa ta ƙarar da ƙarfinta a ɗakin wankin otal, ga gidaje nan a gabashin gari kusa da cocinsu, cikin jama'arsu, amma ta kafe sai tsakiyar Turawa. Leola ta ce barandar ce ta shiga ranta.

A barandar kuwa take wuni. Da safe tana nan yara na wucewa makaranta, da la'asar tana nan suna dawowa. Ba ta yi musu magana, kallo kawai. A coci an san ba ta da kowa sai Verlene. In an tambaye ta 'ya'ya takan ce ɗaya ne kuma ya yi nisa, sai a yi mata ta'aziyya a bar zancen.

Mako bai zagayo ba ƙungiyar masu gidajen unguwar ta yi taro a kanta. Shugabansu Mista Gerald Ashby ne, mai kantin kayan gini, wanda gidansa ke tsallaken titi, da matarsa da 'ya'ya uku. Ya fi kowa zafi. Shi ya tsaya a bakin shingenta gaban mutane, idonsa na kan rufin gidan, ya ce, "Leola, nan ba wurinki ba ne."

"Inna, kina jin ɗan banzan nan?" in ji Verlene. "A haife kin haife shi, amma yake kiran sunanki gatsal."

Leola ta ce mata ta shiga ta duba wake kada ya ƙone.

Daga nan aka fara zubar musu da shara a ƙofa. Sai jifa. Kullum da yamma, in an tashi daga masana'antun mota, maza su taru a titi suna ihu, mata na miƙa musu lemo. Leola ta share gilashi, ta toshe taga da kwali, gari ya waye tana baranda. Verlene ta kawo lauya daga ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, ya ce a ba shi sunan jagoran kawai. Leola ta ba shi shayi ta sallame shi. Ko a cikin gida ba ta taɓa kama sunan mutumin ba.

Wata Asabar da rana Verlene ta dawo daga kasuwa ta yi kiciɓis da Mista Ashby yana fitowa ta ƙofar baya, hula a hannu. Ya raɓa ta ya wuce. A kicin ta tarar da innarta fuska a sake, irin sakin da ba ta taɓa gani ba. Leola ta ce ya yi mata alkawari: gobe su tafi coci hankali kwance, shi zai yi wa mutanensa magana, abin ya ƙare. Da yammar nan ta gasa kek ɗin dankali guda biyu tana waƙa, ta ce baƙi za su yi bayan coci, har da yara.

Ranar Lahadi suna dawowa daga coci, tun daga tashar bas suka hango hayaƙi.

Titin ya cika kamar ana biki, wasu da yara a wuya. Rufin ya riga ya rufta, barandar na ci. A sahun gaba Mista Ashby ne, ya naɗe hannun riga, warin kananzir na tashi daga jikinsa, ƙaramar 'yarsa na riƙe da wandonsa. Wani ƙato ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce jiya da aka gan shi a ƙofar baya har an fara ƙus-ƙus, ashe hanyar shiga ya je dubawa.

Leola ta ratsa taron da hular cocinta a ka, ta tsaya gabansa. Ya dubi mutanen da ke bayansa, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ki koma inda kika fito."

Da ɗan sanda ya zo ya tambaya ko sun ga wanda ya sa wutar, Verlene ta ɗaga hannu za ta nuna. Tsohuwar ta kama hannun ta sauke shi da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba. Ta ce a coci suke, ba su ga kowa ba.

Limamin cocinsu ne ya zo ya ɗauke su a motarsa. A hanya Verlene ta juyo kan innarta. Ta ce mutumin nan ya yaudare su ya ƙone musu komai, ga shi a tafin hannu, ita kuma ta sake shi. Wane irin tsoro ne wannan?

Leola na kallon waje. Ta ce ba tsoro ba ne. In aka kai shi kotu za a tona daga ina ya fito, kuma ranar da aka tona, matarsa za ta kwashe yaran nan, mutanen da suka tafa masa yau su ne za su ƙone kantinsa.

"Me za a tona, Inna?"

"Ɗana ne. Cleon na raɗa masa. Da na ga ya ɗauko hasken fatar ubansa kamar Bature, ni da kaina na sa shi a jirgin ƙasa a Alabama, na ce ya tafi inda ba wanda ya san uwarsa."