Ƙyauren Garkena

Ina tsaye gaban ƙyauren garkena da bindiga na ji ƙararrawar kwaleji ta kaɗa. Ɗalibai sun sake cin wasa ke nan.

Duk ranar da suka yi nasara a ƙwallon nan da ake runguma ana ture-ture, sai ɗalibai su hura wutar murna da katakon maƙwabta. Ni ne maƙwabcin. A kakar 1909 wasa takwas suka ci, na rasa shinge da akurkin kaji, har makewayi suka ɗauke. Ƙyauren nan kaɗai ya rage tsakanin shanuna da titin jirgin ƙasa.

Da la'asar suka iso suna waƙa, ɗauke da wani ƙato, hanci a karye, haƙori ɗaya babu. Sai da ya yi magana na gane ɗana ne, wanda na tura koyon likitanci.

"Baba, sau uku na ƙetare layinsu da ƙwallo na ci su. Duk jihar Ohio ba wanda ya ci mu bana."

"Da kan da na ce ka cika da karatu ka tunkuɗe su?"

"Tsoho, a taimaka mana da ƙyauren," in ji wani siriri.

"Rufe min baki." Na dubi ɗana. "Su nawa suka tare ka?"

"Biyar, Baba."

Na jingine bindigar, na ɗauko guduma. Yaran nan ba su iya cire ƙusa ba, lanƙwasawa suke yi. Ni na ɓalle musu ƙyauren, sannan na tsaya a gurbinsa, hannuwa a ware, shanu suna kallona.