Ranar Goge Kashi na Bakwai

Tun da aka ba 'yan kallo ikon goge fim ɗin da suka tsana daga kowace waya ta hanyar ƙuri'a, haƙuri ya ƙare a garin nan. Ranar Asabar aka sa ƙuri'a kan kashi na bakwai na "Jirgin Zuhura".

A teburin mai shayi Sagir ya ce, "Shirme ne. Sarkin taurari yana kuka kamar yaro? Sun ɓata mana labari."

Inna Talatu mai ƙosai ta ce, "Ɗana marigayi Nafi'u ne ya fito a mai gadin jirgin. Can kaɗai nake jin muryarsa."

"Allah ya ji ƙansa, Inna, amma ɗanki bai iya wasa ba."

Ya dangwala yatsa a wayarsa, ya zaɓi a goge. Da la'asar Inna ta buɗe tata, ta tarar daga kashi na shida sai na takwas.