Hular Yaya Sani

Da la'asar Baba ya dawo garinmu Kona daga Kwatano, can bakin teku, inda suka je dakon gyaɗa shi da yayana Sani. Shi kaɗai ya shigo gida. Ya ajiye hular Sani gaban Inna, gishiri ya bushe a jikinta fari fat.

"Ina yaron?" in ji Inna.

Baba ya ce, "Teku ta janye, ya bi yashi tsintar kifi, sai ta dawo ta tafi da shi. Mu a nan, ruwa in ya tafi sai damina."

Yau na san wata ke jan teku, ta tafi ta dawo kullum. Ɗan kwangilar da ya kai su ya san tana dawowa. Bai ga sun kai ya faɗa musu ba, kuma har yau ban yafe masa ba.