Dutsen Cikin Jaka

Inna ta tsinci dutsen a ƙasan jakar ɗiyarta, naɗe cikin ɗankwali. Tun shekarar gubar dalma ta duwatsun zinari, dutse bai sake shiga gidan nan na ƙauyen Dareta ba.

"Neman zinari kinka koma?"

"Na jami'a ne, Inna. Ya yi kama da duwatsun da ke kan wata, da shi muke gwaji. Iskar da ke fitowa daga rana ke dukansu can, tana ɓantaro ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ke shawagi, su ne 'yar iskar da watan ya mallaka."

Inna ta ƙura mata ido. "Akwai yara can bisa?"

"Ba kowa."

"To malamanku sun san dutse na sakin abin da ba a gani. Mu sai da munka rufe ƙannenki biyu sannan anka hwaɗa muna."

Ta ɗauki dutsen da bakin zane, ta kai shi bayan katanga. Ta dawo da buta da sabulu, ta kama hannayen ɗiyarta mai shekara ashirin da uku, ta shiga wankewa, yatsa bayan yatsa.