Ƙunar Sigari

Na shafa gefen sabon injina da na girka a wata mashaya, ban ji ƙunar sigari ko ɗaya ba.

Tun zamanin mahaifina, da ita muke auna farin jinin injin wasan ƙwallon ƙarfe a mashayun birnin Shikago: wanda 'yan wasa suka shagala da shi har sigarin da suka ajiye a gefensa ya ci katakonsa, masana'antarsa ce ke rayuwa.

Abokin hamayyata, mai injin da ke kusa da nawa, ya yi dariya. "Tsoho, sai ka sallami ma'aikatanka."

"Shafa naka tukuna, yaro."

Ya shafa. Dariyar ta ɗauke.

Mai mashayar ya nuna mana kusurwa da haɓa. Wani baƙin akwatin wasa ne mai fuskar talabijin, babu ƙwallo a cikinsa, gefensa ya ƙone ƙurmus.

"Ƙannensa biyu na tafe gobe," in ji shi. "Inda injinanku suke za su zauna."