Tabon Goron Baba

Tun da aka hana takarda, manhajojin karatu suka koma mayar da rubutun hannu zuwa na inji. Barau kuwa hannun marigayi mahaifinsa yake son gani, sai ya kai hoton ajaminsa rumfar Ladidi, mai kwamfutar da tsarinta ba mallakin wani kamfani ba ne.

Manhajar farko ta wanke shafin tas. Ta biyu har gyara wa mamaci kuskure ta yi.

"Wa ya aike ta?" in ji Barau.

"Haƙuri, Kawu, saura wata tsohuwar manhaja," in ji Ladidi.

Da ƙyar tsohuwar ta buɗe. Ga rubutun a karkace, ga tabon goron Baba a gefe. Barau ya yi ajiyar zuciya.

Ladidi ta zare wayar intanet. "Ko ta roƙe ka, Kawu, kada ka sabunta ta."